Kanwar Miya Da Batir Mai Cin Iska

A kowace shekara, idan zangon karatu ya yi nisa, makarantun sakandare da yawa a ƙasar nan sukan shirya abin da ake kira baje kolin kimiyya, inda ake umartar ɗalibai su ƙera wani abu da hannunsu, su zo su nuna wa jama'a, su kuma yi bayaninsa a gaban alƙalai. Manufar wannan al'ada kyakkyawa ce ƙwarai. Amma duk wanda ya taɓa zagaya irin wannan taro ya san akwai abin takaici a cikinsa, domin kaya da yawa da ake jerawa a kan tebur hannun yaro bai taɓa su ba sai da safiyar ranar. A wurin kafinta ko mai gyaran rediyo iyaye suka biya aka haɗa. Da zarar alƙali ya yi tambaya guda, sai ka ga yaro ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin rigarsa. Dā ma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wannan labari ne na wani gida a unguwar Agege ta birnin Ikko, wanda ya kusa faɗawa cikin wannan rami, da yadda aka yi ya tsallake.

Maigidan mutumin Arewa ne da ya daɗe a Kudu, sana'arsa kuwa gyaran janareta. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, shekarunta goma sha uku. Ran nan sai ta komo gida da takarda daga malamin kimiyya, an ba ta mako shida ta shirya aiki a kan abin da Turawa ke kira fiyul sel, watau batir mai cin iska. Ba ta taɓa jin sunan abin ba, uban ma haka.

To, lokacin kuwa maganar mai ce a bakin kowa. Tun ran 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, kuɗin lita ya tashi kusan ninki uku cikin 'yan kwanaki. Mutane da yawa suka jingine janaretocinsu, aiki ya ja baya a shagon maigidan, waɗanda suke zuwa kuma rabinsu tambaya ce ke kawo su: ko gaskiya ne akwai injin da ke aiki da ruwa zalla? Saboda haka da yarinyar ta karanta masa cewa wannan batir da iskar haidurojin yake aiki, ita kuwa haidurojin daga ruwa ake iya fitar da ita, sai zuciyarsa ta yi fari. Nan take ya tsara kome a ransa. Zai haɗa mata 'yar mota, ya ɗora mata gorar ruwa a baya, ya ɓoye batirin tocila biyu a ƙarƙashi don kada abin ya ba da kunya, a rubuta a jikin kwali da manyan baƙaƙe cewa ga mota mai tafiya da ruwa.

Ya ce mata, "Uwata, ki kwantar da hankalinki. Kwana biyu ya ishe ni. Ke dai ki haddace abin da za ki faɗa."

Yarinyar ba ta musa wa ubanta ba, gama ba tarbiyyarta ba ce. Sai dai ta nuna masa layi na ƙarshe a takardar, inda malamin ya rubuta cewa kowane ɗalibi ya kawo masa tambayar da aikinsa zai amsa kafin ya taɓa ko da waya guda. Ta ce, "Baba, motar wace tambaya za ta amsa?" Maigida ya yi shiru. Mutum ne da ya shekara ashirin yana bin cutar inji da mita a hannu, ya kuwa san bambancin wanda ya gano cuta da wanda ya yi dace. Wannan 'yar tambaya ita ta sauya shirin baki ɗaya, aka yi shawara mako na farko karatu kawai za a yi, ba ƙira.

Abin da suka tarar a karatun ya ba su mamaki, domin ashe abin da suke ɗauka sabon yayi ne ya girmi motar fetur. A shekarar 1800 waɗansu Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka gano cewa idan aka ratsa ruwa da wutar lantarki yakan rabu gida biyu, iskar haidurojin da iskar oksijin. A shekarar 1839 kuma wani lauya mai sha'awar kimiyya, William Grove, mutumin Swansea ta ƙasar Wales, wanda daga baya ya zama alƙali, ya nuna cewa ana iya juya al'amarin: idan aka sake haɗa iskokin nan biyu a kan ƙarfen filatinam cikin ruwan asid, sai su koma ruwa, wutar lantarki kuma ta fito. Amma abin ya zauna a ɗakin gwaji kusan shekara ɗari ba a more shi ba, sai da wani injiniya, Francis Bacon, ya ɗauke shi a shekarar 1932. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana fama kafin ya nuna na'urar da ke ba da wuta mai amfani a 1959. Irin nasa aka inganta aka sa wa kumbunan Apollo na Amurka, har da wanda ya kai mutum duniyar wata a 1969, kuma ruwan da batirin ke fitarwa shi 'yan sama jannati suke sha. Sa'ad da tankin oksijin ya fashe a kumbon Apollo 13 cikin watan Afrilu na 1970, waɗannan batura suka mutu, mutum uku da ke ciki da ƙyar suka komo da rai.

Yadda abin ke aiki bai yi wa maigidan wuyar ganewa ba, da yake sana'arsa ce ta kusa. Batirin tocila abincinsa a cikinsa yake, in ya cinye sai a yar. Janareta kuwa daga waje ake ba shi abinci, amma sai ya ƙone mai, fistin ya yi ta kai da komo, ga hayaƙi ga ƙara. Batir mai cin iska ya ɗauko hali ɗaya daga kowannensu: daga waje ake ciyar da shi kamar janareta, amma shiru yake aiki kamar batir, ba ƙuna ba hayaƙi. A irin wanda ake sa wa motoci yau, haidurojin takan shiga ta gefe ɗaya, filatinam ya raba kowace ƙwayarta gida biyu, furoton da ilektaron. A tsakiya akwai wata siririyar fata da ke barin furoton ya ratsa amma ta tare ilektaron, sai ya zama tilas ilektaron ya zagaya ta cikin waya kafin ya isa ɗaya gefen. Wannan zagaye shi ne wutar lantarki. A can gefen sai su gamu da oksijin na iskar da ake shaƙa, su zama ruwa. Ɗaki guda na irin wannan batir, bisa lissafi, ba ya wuce bolt 1.23, a wurin aiki kuwa yakan tsaya wajen bolt 0.6 zuwa 0.7, shi ya sa ake jera ɗaruruwansu a mota. Kamfanin Toyota na Japan ya fito da motarsa Mirai a kan wannan tsari a shekarar 2014, a ƙasar Jamus kuma jirgin ƙasa mai irin wannan batir ya fara ɗaukar fasinja a 2018.

A mako na biyu ne aka zo wurin da zancen mota mai tafiya da ruwa ya rushe. Malamin kimiyya ya ba yarinyar wani lissafi ta kai gida. Kafin a sami kilo ɗaya na haidurojin daga ruwa, ana bukatar ruwa lita 9 da wutar lantarki wajen yunit 50, irin yunit ɗin da ake saye a mitar gida. Idan kuma aka zuba wannan kilo ɗaya a batir mai cin iska, da ƙyar zai mayar da yunit 20. Watau an ba da hamsin an karɓi ashirin. Ruwa ba mai ba ne, toka ce ta haidurojin da ta riga ta ƙone, kuma ba mai hura wuta da toka. Ita haidurojin rumbu ce da ake ajiye ƙarfi a ciki, ba gona ba ce da ke fid da shi. Amfaninta yana inda ake da wutar rana ko ta iska da ta yi yawa da tsakar rana, a ajiye ta don dare, ko don manyan motoci masu tafiya mai nisa. Har yanzu ma mafi yawan haidurojin da ake amfani da ita a duniya daga iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa ake samunta, ba daga ruwa ba.

Maigida ya ɗauki fensir ya bi lissafin da kansa har sau biyu. Ya san wannan doka tun dā ba tare da ya san sunanta ba, gama bai taɓa ganin janareta ya ba da abin da ya fi man da ya sha ba. Malamin ya ƙara musu da labarin wani Ba'amurke, Stanley Meyer, wanda ya yi ta shelar cewa ya ƙera mota mai tafiya da ruwa, har mutane suka zuba masa kuɗi, a ƙarshe wata kotu a jihar Ohio ta yanke hukunci a shekarar 1996 cewa zamba ce, ta umarce shi ya mayar wa masu ƙara kuɗinsu. Da yarinyar ta gama ba da labarin, uban ya ce, "Uwata, da na ɓoye miki batir a ƙarƙashin mota, ashe da na koya miki sana'ar wannan mutum." Ba a sake tayar da zancen motar ba.

Sai aka koma neman abin da yarinya 'yar shekara goma sha uku za ta iya yi da hannunta, da kuɗin da gidan zai iya fitarwa. Akwai kayan gwaji da ake sayarwa haɗaɗɗu daga ƙasashen waje, da fatarsu da filatinam ɗinsu, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihu. Filatinam ƙarfe ne mai daraja, wajen kashi 70 cikin ɗari na wanda ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma tsadarsa tana cikin dalilan da suka hana wannan batir yaɗuwa. Saboda haka aka yanke shawarar bin sawun Grove da kayan gida: kofin gilashi, waya, batir mai bolt 9, mitar shago, ɗan ƙaramin ƙwan fitila ja irin na jikin rediyo, da baƙaƙen sandunan gawayi da ke tsakiyar tsohon batirin tocila. Uban ne ya fasa baturan ya ciro sandunan ya wanke, ya kuma gargaɗe ta cewa irin na tocila na dā kaɗai ake fasawa, batirin wayar hannu kuwa ko kusa kada ta taɓa shi da wuƙa, domin yana kamawa da wuta.

Saura abu guda. Ruwa mai tsabta ba ya ɗaukar wutar lantarki sosai, sai an narka wani abu a ciki. Maigida ya miƙa hannu zai ɗauko gishiri, yarinyar ta tuna masa da gargaɗin malam, cewa ruwan gishiri in aka ratsa shi da lantarki yakan fid da iskar kulorin, wadda ke cutar da huhu. Suna cikin wannan shawara uwargida, wadda duk kwanakin nan tana jinsu daga bakin murhu, ta ce, "Malam, in abin da ke narkewa a ruwa kuke nema, ga kanwa." Aka yi dariya, amma da yarinyar ta kai tambayar makaranta sai malamin ya ce ai uwarta ta fi su gaskiya. Kanwar nan da fatake suka daɗe suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga ta Nijar, wadda ake sa wa wake da miyar kuka, yawancinta sinadarin soda ne, kuma ruwanta yana ɗaukar lantarki. Shi kansa Bacon ruwa mai kaifin toka ya yi amfani da shi, ba asid ba, ko da yake nasa ya fi kanwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai malamin ya ce tun da kanwa ba ta rasa ɗan gishiri a cikinta, a yi gwajin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa.

Uban ya kafa dokoki uku, ya sa ta rubuta su a shafin farko na littafinta. Ba za a yi gwaji kusa da murhu ko risho ko ashana ba, domin haidurojin tana kama wuta ko da kashi 4 cikin ɗari ce a cikin iska. Ita ce ta cinye jirgin balan-balan na Jamus mai suna Hindenburg a shekarar 1937, mutum 36 suka hallaka. Ba za a tara iskar a kwalba a toshe ba. Ba kuma za a taɓa haɗa gwajin da wutar bango ba, batir kaɗai.

Ranar gwajin farko aka jiƙa kanwa, aka tace da ƙyalle, aka tsoma sandunan gawayi biyu ba tare da sun taɓa juna ba, aka haɗa da batir. Nan da nan ƙananan kumfa suka lulluɓe sandunan, na gefe ɗaya ya fi na ɗayan yawa. Bayan minti biyu ta cire batirin, ta ɗora bakin mita a kan wayoyin. Mita ta nuna akwai wuta, fiye da bolt ɗaya, sa'an nan lambar ta shiga sauka a hankali. Kofi ɗaya bai iya kunna ƙwan ba. Da ta jera kofi biyu, ta haɗa su bi da bi yadda ake jera batura a tocila, sai jan ƙwan ya kawo ɗan haske, ya jima kaɗan, ya dushe. Ƙannenta suka yi ta tsalle. Uban kuwa, wanda ya saba da injin da ke haska gida guda, ya tsaya yana kallon wannan ɗan haske kamar bai taɓa ganin wuta ba.

Yanzu ta sami tambayarta: shin yawan kanwa da tsawon lokacin da aka ba ruwa wuta suna ƙara daɗewar hasken? Malamin ya koya mata ka'idar da ita ce ƙashin bayan kowane gwaji, watau a sauya abu ɗaya tak a bar sauran yadda suke, a kuma maimaita kowane awo sau uku. Mako na uku da na huɗu a kan haka suka ƙare. Kullum bayan la'asar tana tsakar gida da cokali da agogo da littafi, tana auna kanwa cokali ɗaya, biyu, uku, tana rubuta daƙiƙoƙi. Sau da yawa hannun uban yakan yi ƙaiƙayi ya ga waya ta kwance, amma sai ya haɗiye, ya bar ta ta gano da kanta. Wannan haƙuri shi ne aiki mafi wuya da ya yi a cikin makonni shida.

Jarrabawa ta gaske ta zo a mako na biyar. Littafin makaranta ya ce haidurojin da ke fita ninki biyu ce ta oksijin, domin haka suke a cikin ruwa. Yarinyar ta kife sirinji biyu marasa allura a kan sandunan don ta auna, sai ta tarar oksijin bai kai rabin haidurojin ba. Ta sake, haka. Bugu da ƙari, da ta girgiza sandunan kumfan ya watse, wutar da mita ke nunawa ta ragu amma ba ta ƙare ba, alhali ta zaci za ta ɗauke gaba ɗaya. Hankalinta ya tashi, ta ce ko dai ta rubuta abin da littafi ya faɗa don kada alƙalai su ce ta yi kuskure.

A nan ne uban ya biya bashin da ke kansa. Ya ce, "Uwata, in na auna inji mita ta nuna mini abin da ban so ba, ba mitar nake gyarawa ba. Rubuta abin da idonki ya gani, sa'an nan a nemi dalili." Dalilin kuwa ya samu. Oksijin ya fi haidurojin narkewa a ruwa, wani sashensa kuma yakan ci jikin sandar gawayin, shi ya sa ruwan ke yin duhu-duhu. Game da wutar da ta ƙi ƙarewa, malamin ya bayyana mata cewa gawayi yana da ƙananan ramuka da ke riƙe iska, yana kuma riƙe ɗan cajin lantarki a jikinsa, saboda haka ba dukan abin da mita ta nuna ne ya fito daga haɗuwar iskokin ba. Ta rubuta wannan duka a ƙarƙashin wani kai da ta sa wa suna abin da gwajina bai iya nunawa ba. Ta kuma rubuta cewa batir mai bolt 9 har guda uku suka ƙare a aikin, don kowa ya ga wutar da aka zuba ta fi wadda aka samu. A saman kwalin, inda dā za a yi shelar mota mai tafiya da ruwa, ta rubuta da hannunta: Yadda Ake Ajiye Wuta A Cikin Iska.

Ranar baje koli teburinta bai tara jama'a ba kamar na waɗanda suka zo da gidaje masu fitilu da jirage masu farfela. Kofi biyu ne da ɗan ƙwai ja da littafi mai tabon kanwa. Amma alƙalan sun daɗe a wurinta fiye da ko'ina, suna juya shafukan littafin suna tambaya, ita kuwa tana amsawa, inda ba ta sani ba ta ce ba ta auna wannan ba. Ba ita ta zo ta ɗaya ba. Abin da ta komo da shi gida shi ne sabuwar tambaya, wadda ɗaya daga cikin alƙalan ya bar ta da ita: me zai faru in aka maye gurbin batirin da ƙaramin faifan hasken rana? Tun a mota ta fara lissafin kuɗin faifan.

Ya kamata iyaye da malamai su dubi wannan al'amari da idon basira. Ƙasar nan Allah ya hore mata rana mai ƙarfi da iskar gas mai yawa, amma har yanzu miliyoyin gidaje ba su da wutar lantarki, waɗanda za su warware wannan matsala kuwa suna aji biyu a yau. Uban da ya sayo wa ɗansa aikin da aka gama ya saya masa tafi na yini ɗaya, ya kuma koya masa cewa ana iya samun yabo ba tare da sani ba. Taimakon da ya dace da iyaye shi ne su sayi waya da batir, su tsare yaro daga haɗari, su ba shi wuri da lokaci, sa'an nan su janye hannu. Su kuma makarantu, ya kyautu su riƙa ba littafin awo maki fiye da fenti da kwali, su tambayi kowane yaro abin da ya ƙi yi masa daidai da yadda ya yi da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, amin.